Goggo da Koren Ruwanta

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, Goggo kuwa ta riga mu. Yayar mahaifina ce, ita ta goye shi, ita kuma ta riƙe ni shekarun da nake sakandare. Ta rasu cikin bazarar bana, bayan gajeruwar jinya da ba ta ba mu damar shiryawa ba, aka yi zaman makoki a gidanta na Karmo. Na ɗauki alƙalami ne don na ga yadda ake mance mutum a garin nan. Abuja ba ta riƙe kowa. Ka mutu farkon mako, kafin Juma'a an ba wani kujerarka, ana kuma tambaya ko gidan naka na haya ne.

Masu ta'aziyya sun zo iri-iri, kowa da Goggon da ya sani. Tsofaffin abokan aikinta na ma'aikata suka bar motocinsu can bakin titi, don mota ba ta iya gangarowa lungun, suka taho suna tattare manyan riguna suna tsallake kwata. Tsohon oganta, wani dattijo da furfura ta gama da kansa, ya leƙo ɓangaren mata ya yi mana gaisuwa. Da aka nuna masa ni sai ya ce, "Ke ce 'yar tata? Allah ya ba ki haƙuri. Madam ba ta san shotkot ba, ba ta bin ɓarauniyar hanya. In ta auna ruwa ta ce bai yi ba, ko wa zai bugo waya rizol ɗin nan ba ya canjawa. Mun sha faɗa da ita, wallahi." Ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya ciro hankici ya juya.

Maƙwabciyarta ta jikin katanga, wata 'yar Gbagyi da kowa ke kira Maman 'yan biyu, ta fi mu kuka. "Hajiya ya tafi ya bar mu," abin da take ta faɗi ke nan, tana dukan cinya. Da ta gaji da kukan ba ta jira an sa ta ba, ta ci ɗamara ta karɓe madafa, ita da sauran matan layin. Mu dangi sai dai muka ga abinci na fitowa. Mahaifina kuwa yana kan tabarma a ƙofar gida yana amsa gaisuwa, ya zaɓi wurin da zai ba gangaren gidan baya.

Sai da la'asar masu lambun bakin rafi suka shigo da kwandon latas da alayyahu, wai a ƙara a abincin baƙi. Shugabansu, wani Bakatsine mai sanyin magana, ya jira har aka shafa addu'a, sannan ya matso ya rage murya. "Hajiya ƙarama, ki yafe ni, na san ba ranar wannan magana ba ce. Ruwan fa? Wa zai riƙe shi?" Na ce masa Allah zai kawo mafita, irin amsar da mutum ke bayarwa in ba shi da amsa. Amma tambayar ta zauna mini a ƙirji. Goggo ba ta haihu ba, mijinta ya daɗe da rasuwa, abin da ta bari mai rai a duniya shi ne kududdufai uku na koren ruwa a gangaren gidanta, kuma da su lafiyar lambunan nan ta dogara.

Ga yadda aka yi. Goggo ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce, aikinta auna ruwa. Ana kawo mata kwalabe daga rijiyoyi da famfuna da rafuka, ta duba ko akwai ƙwayoyin cuta a ciki. Wannan aiki ya bi ta har gida. Lokacin da nake hannunta, kullum kafin in tafi makaranta sai na miƙa mata yatsuna ta duba farce. A gidan biki ba ta cin salak, kuma ba ta iya ƙin ci a ɓoye kamar sauran mutane, sai ta ture shi gefen faranti ta tambayi uwar biki da wane ruwa aka wanke. Na sha jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

A wata shekara da amai da gudawa ya yi ɓarna a Karmo, kwalaben unguwar suka yi ta zuwa teburinta. Wani ma'aikacin zai rubuta abin da ya gani, lokacin tashi ya yi ya tashi. Ita sai ta bi kwalba har inda aka ɗebo ta. Ta tarar duk kwatocin wannan ɓangare, da ruwan wanka da na wanke-wanke da abin da ke tsiyaya daga masai, suna haɗuwa a wani gangare su zube a rafi. Da rani kuwa rafin ba shi da wani ruwa sai wannan. Da shi ake shayar da latas da kabeji, kayan da ake ci ɗanye, a kai su kasuwannin cikin gari. A cikinsa kuma yara ke wasa.

Da ta yi ritaya muna jiran ta koma Zariya, ko ta zauna kusa da mu a Karu, sai muka ji ta sayi wani tsohon gidan ƙasa a daidai gangaren nan, wurin da ko kyauta ba mai so. Mahaifina ya je ya same ta, ni ma ina wurin. Ya tsaya ya toshe hanci da hannun riga.

"Yaya, me kike nema a duniya? Kin gama aikin gwamnati lafiya, sai ki ƙare a bakin kwata? A unguwar da ko yaushe rusau zai iya zuwa? Me zan ce wa mutane?"

"Ka ce musu yayarka ta haukace, Auta. Za su yarda, sun daɗe suna zato."

"Ba wasa nake yi ba, Yaya."

"Ni ma haka. Salak ɗin da kake ci a walimar ofishinku, ka san inda aka shayar da shi? Zo in nuna maka."

Bai je ba. Ya yi fushi ya ɗauke ƙafa, har aka yi sallah ba su gaisa ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka haife shi. Da suka shirya ma, sun shirya ne a kan ba za a ƙara tayar da maganar ba. In ya zo yakan zauna a zaure su yi hirar dangi, ba ya leƙa gangaren. Ina son mahaifina, amma shi abin da za a faɗa ya fi damunsa a kan abin da za a ci.

Kududdufan a jere suke, kowanne na zuba wa na ƙasa da shi. Na farko mai zurfi ne, nan ruwan kwata ke shiga ya huta, dagwalo da ƙwan tsutsar ciki su kwanta a ƙasa. Wannan kam yana wari, ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba. Na biyu da na uku masu faɗi ne marasa zurfi, da kyar suke kai mata gwiwa, an daɓe su da siminti. A tsakaninsu akwai 'yan ƙofofi da take toshewa da katako. A cikin waɗannan biyun gansakuka ke rayuwa. Ba irin mai kaurin nan da ke shimfiɗa a saman ruwa ba, wata 'yar mitsitsiya ce da ido ba ya raba ta da ruwan, sai dai ka ga ruwan gaba ɗaya ya zama kore kamar miyar kuka.

Ni kaɗai ta taɓa yi wa bayani, shi ma don na tsokane ta ne. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa take kirana Uwata, ni kuma nake da lasisin faɗa mata abin da wani ba ya iyawa. Na ce, "Goggo, ruwa ya shigo baƙi ya fita kore, wace riba aka ci? Ko marina kika buɗe?" Ta harare ni ta saman tabarau, ta kamo hannuna ta ja ni cikin rana tsaka har bakin na uku.

"Uwata, kin yi boko amma idonki na 'yan kasuwa ne. Wannan koren da kike rainawa, a cikin ƙazantar yake samun abincinsa. In rana ta buɗe sai ya yi ta fitar da iskar da muke shaƙa, ruwan kuma ya yi kaifi kamar an jiƙa kanwa a ciki. Ƙwayar taifot da ta kwalara duhun cikin mutum suka saba da shi, ba sa jure wannan. Rana na dukansu daga sama, kaifin na cinsu a ciki. Abin da ake so kawai kada a yi gaggawa. Ruwan ya kwana, ya ƙara kwana, kafin a sake shi."

"To a sha ke nan?"

"Ki sha in kin gaji da duniya. Na lambu ne. Ba a sha, ba a alwala, kuma latas ɗin ma a wanke shi kafin a ci."

Ita ruwan shanta a wata randar ƙasa ƙirar Ushafa yake, wadda ta fi so a kan firij, kuma ba ya shiga randar sai ya tafasa.

Takan ce rana ce ma'aikaciyarta, ba ta makara, ba ta yajin aiki, ba ta neman ƙarin girma. Da damina in hadari ya yi kwanaki ya rufe sama sai ta yi ta mita kamar da gangan aka yi mata. Launin ruwan take karantawa. In koren ya fara komawa toka-toka ta san ƙazanta ta yi masa yawa, sai ta sa katako ta rage abin da ke shiga. Lokaci-lokaci takan cika kwalabe ta kai tsohon wurin aikinta, waɗanda ta koya wa aiki su auna mata, ta dawo ko da fara'a ko da masifa. Ba ta taɓa cewa ruwan ya zama na sha ba. Abin da take faɗi shi ne wanda ke fita ya fi wanda ke shiga nesa ba kusa ba. Masu lambu sun shaida haka, don ƙaiƙayin ƙafa ya ragu musu, matan da ke zuwa sarin ganye kuma sun daina toshe hanci.

Kowace safiya bayan ta karya za ka gan ta da takalmin roba mai dogon wuya, ta ɗage zani, ta naɗe hijabi a wuya, riƙe da doguwar gora da aka ɗaura wa rariya a baki. Tana tsame leda da robar ruwa da kainuwa da duk abin da zai yi wa ruwan inuwa, tana motsa shi, tana cire ciyawar gefe don kada sauro ya sami wurin ƙwai. Da yamma kuma takan jawo kujera bakin na uku, carbi a hannu, rediyo a gefe. Na taɓa tarar da ita a haka tana murmushi ita kaɗai. Ta nuna mini wasu 'yan ƙananan kumfa da ke tasowa daga ruwan ta ce, "Kin gani? Numfashi suke yi." Ban taɓa jin ta yi wa wani mahaluki magana da taushin murya irin wannan ba, har na ji kishi.

Duk wannan aiki ita kaɗai take yi, tsohuwa mai ciwon gwiwa, don ba ta yarda kowa ya sa mata hannu. A nan zan faɗi abin da masu ta'aziyya ba sa faɗi. Goggo ba ta da haƙurin koyarwa in ba a ɗakin gwaji ba. Tana son mutanen unguwar har ranta, amma ba ta yarda da hannunsu ba. Matan layin sun sha zuwa da tsintsiya da bokiti su ce, "Hajiya, kawo mu taya ki." Amsar ɗaya ce, "Kar a taɓa min." Daga nan ba ƙari. Wata rana wata ta watsa ruwan wanki mai bilic, sinadarin nan na wanke fararen kaya, kusa da na biyu, Goggo ta yi mata tatas har matar ta yi hawaye, amma ba ta gaya mata cewa bilic kashe gansakuka yake yi ba. Matar ta tafi da tunanin Hajiya dai ba ta son a zubar mata da ruwa a fili.

Wasu ɗaliban jami'a ma sun taɓa zuwa da malaminsu, sun ji labari suna son gani. Goggo ta dubi ƙafafunsu, kowa da farin kambas, ta ce su je su sayo takalmin roba su dawo. Ba su dawo ba. Ta yi ta ba da labarin tana dariya, wai ta gane masu zuwa ɗaukar hoto tun daga ƙafa. Ni ma na taya ta dariyar a lokacin.

Limamin masallacin layin, mutum mai hangen nesa, ya taɓa yin sallama a zaure ina nan. Ya ce mutane na tambayarsa hukuncin ruwan in ya fallatsa a tufa, wasu kuma na cewa najasa take tarawa a tsakiyar jama'a. Ya ce shi ya ga amfanin abin da idonsa, amma da za ta zo Islamiyyar mata ta yi musu bayani da bakinta, a gayyato har da matan da ba Musulmi ba, da an huta.

Goggo ta ce, "Malam, in na tsaya bayani wa zai tsame ledar? Su dai ci ganye mai lafiya, ya ishe ni."

"Hajiya, ba kullum kike nan ba."

"To ai ba yau zan tafi ba."

Suka yi dariya su biyu, ta sa aka bi shi da ɗaurin alayyahu. Ba ta je ba.

Kada wannan ya sa a ɗauka mai busasshiyar zuciya ce. Lokacin da ɗaya daga cikin 'yan biyun maƙwabciyarta ta kamu da gudawa har idonta ya faɗa, uban ba ya gari, Goggo ce ta tsallaka da kofi da cokali. Ta dama ruwan gishiri da sukari, ta zauna a ƙasa da gwiwar nan tata tana ɗura wa yarinyar kaɗan-kaɗan, tana yi wa uwar faɗa ba ƙaƙƙautawa. Da ta ga abin ya fi ƙarfin cokali sai ta goya yarinyar da kanta har bakin titi, suka hau keke mai ƙafa uku zuwa asibiti, ba ta dawo gida ba sai da aka sallame su. Da Maman 'yan biyu ta zo godiya ta durƙusa, Goggo ta ce, "Tashi, godiya ba ta kashe ƙwayar cuta. Ki riƙa wanke hannu da sabulu." Tun daga ranar matar nan ta ɗauki Goggo uwa. Ko tuwo ta tuƙa sai ta miƙo ta saman katanga, Goggo ta cinye tana cewa gishirin miyar ya yi yawa.

Ciwon ajalin ya same ta a bakin na biyu, da gorar a hannu. Masu lambu ne suka hango ta zauna ba shiri, suka rugo suka ɗauke ta. A asibiti aka ce jini ne ya hau, ɓarin jikinta ya shanye, harshe ya yi nauyi. Na zauna kusa da ita ina ganin tana son yin doguwar magana, bakin ya ƙi. Matar da ta yi shekaru tana rowar bayani, ranar da ta so bayarwa an riga an karɓe. Abin da na iya tsinta kafin ta daina ƙoƙari shi ne, "Kore ne?" Na ce kore ne, Goggo. Gaskiya na faɗa mata, don na leƙa kududdufan, bazara ce, rana na aikinta. Ta lumshe ido.

Ana gobe addu'ar uku na koma Karu in duba yarana in ɗebo kaya. Kafin in fita na ji ana cewa gobe manyan baƙi za su zo, 'yan'uwa daga Zariya da mutanen ma'aikata, za a kafa rumfa a filin gangare don ƙofar gida ba za ta ɗauke su ba. Na ji Maman 'yan biyu na cewa matan layi za su yi gayya su gyara wurin. Na ce Allah ya saka da alheri, a zatona shara ce da yayyafa ruwa.

Washegari cunkoson hanya ya riƙe ni, ban iso ba sai da hantsi. Tun daga bakin lungu na ji wani wari da ban saba ji a wurin ba, warin bilic. Na ajiye jaka na zaga. Kududdufan Goggo duka uku a bushe, fes, simintin har ɗaukar ido yake yi. Matan layi ne suka zare katakan suka saki ruwan gaba ɗaya ya bi rafi. Mazansu sun shiga na farko da shebur sun kwashe dagwalon. Matan sun kankare koren da ya manne da burushi da soson ƙarfe, sun bi da bilic. Don kada ƙazanta ta sake shiga ta ɓata musu aiki, sun haƙa wata 'yar hanya ta gefe, ruwan kwata na bi ta nan baƙi ƙirin, kai tsaye zuwa lambu. Tun jiya da rana suke abu ɗaya, har da masu goyo. Masu lambu sun ga ruwa ya taho da yawa, suka ɗauka magada ne suka ba da umarni, suka ja bakinsu suka yi shiru.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. A gidan makoki, gaban baƙi, na ce wane marar hankali ne ya yi wannan, wa ya sa ku, kun kashe mata aiki tun ƙasar kabarinta ba ta bushe ba. Matan suka tsaya da tsintsiya a hannu suna kallona, hannuwansu duk sun yi fari sun tattare saboda bilic. Maman 'yan biyu ta ajiye bokitinta ta shige gidanta.

Bayan an shafa addu'a mahaifina ya sa aka kira ni zaure, ga yayyensa maza da suka zo daga Zariya. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Kin kunyata mu. Mutane sun yi wa yayata hidimar da ni ban yi mata ba, kin tashi kin zage su."

Na ce, "Baba, a toshe hanyar nan kawai a mayar da ruwan. Gansakuka dawowa take yi in an ba ta lokaci. Rani ake ciki, yanzu haka da ruwan masai mutanen nan ke shayar da latas."

Babban yayansa ya ce fili ya zama na magada, ba mai ƙara tara komai a cikinsa sai an raba. Mahaifina bai bi ta nan ba. Ya dube ni ya ce, "Na ji. A mayar da ruwan. Wa zai shiga da takalmin roba kowace safiya? Ke ce za ki bar mijinki da yaranki da aikinki a Karu ki dawo nan? Ko akwai wanda ta koya wa?"

Na san abin da koren ke yi, amma ban san yawan ruwan da ake bari ya shiga ba, ban san yaushe ake zare katako ba, ban san abin yi in launin ya juya ba. Ba wanda ya sani. Mahaifina ya sunkuyar da kai. "Haka take," ya ce. "Ni da ta goya, har na yi gemu ba ta bari in wanke kwanon da na ci abinci a gidanta, wai ba zan fitar da shi ba." Ranar na fara ganin hawayen mahaifina.

Makonni sun shuɗe. Kududdufan na nan a bushe, yara sun mai da na uku filin ƙwallo. An ce ruwan rafin ya koma irin na da, ƙafafun masu lambu sun fara ƙaiƙayi, amma shuka ba ta jiran a raba gado, da shi suke ban ruwa. Ni na daina sayen latas, na kuwa san wannan ba mafita ba ce, don wasu na saye suna kai wa 'ya'yansu. Abin na ci mini rai. Ina jin haushin Goggo, ina kewarta, duka a lokaci guda, kuma ban san wanne ya fi yawa ba.

Maganar da na yaɓa wa matan layin ta hana ni sukuni, don haka na je na sami Maman 'yan biyu. Tana tsintar wake a tsakar gida. Ta ba ni kujera ba tare da ta dube ni ba. Na ba ta haƙuri, sannan na yi mata bayanin da Goggo ta yi mini, na rana da iska da kaifin kanwa, da yadda ƙwayoyin cuta ke mutuwa a cikin koren nan kafin ruwan ya kai lambu. Tana saurare, hannunta ya tsaya a cikin farantin.

"Wato koren shi ne aikin?"

"Shi ne aikin."

Ta ajiye farantin. Sannan ta ce, "Anti, mu ba mu sani ba. Shekara da shekaru muna gani Hajiya yana fama da dattin nan shi kaɗai. Kullum yana kwashe, kullum ruwa yana nan kore. Muna jin tausayi, mu ce tsohuwa ƙarfi ya ƙare, ya kasa gamawa, kuma ba ya yarda a taya shi. Da ya mutu sai muka ce, to yanzu ba zai hana mu ba. Bari mu gama masa, ya huta."

Ta ɗaga hannuwanta ta dube su, fatar da bilic ya ci ba ta gama warkewa ba. Na kama su na riƙe.

Allah ya jiƙan Goggo, ya yafe mata gajen haƙurinta, ya sa duk cutar da ta tare wa bayinsa a mizaninta. Waɗanda suka wanke mata kududdufai kuma Allah ya saka musu da alheri, don da zuciya ɗaya suka yi.